3.3 Ɗauko Labaran Jarida da Kuɗin Lasisi a Dokar Amurka

A wannan sashe za a duba yadda dokar haƙƙin mallaka ta Amurka take kallon wanda ya ɗauko wani yanki na labarin jarida ya sa a cikin nasa rubutu. Manufar ita ce a nuna cewa ba yawan kalmomin da aka ɗauko kaɗai ake dubawa ba wajen tantance ko an ci haƙƙin mai labari.

3.3.1 Aukuwa da Kalmomin da Aka Ba da Ita

Da farko ya kamata a bambanta abin da ya auku da kalmomin da ɗan jarida ya zaɓa don ba da labarinsa. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886, kuma Amurka ta shiga a 1989, Nijeriya a 1993, ba ta ba tsurar labarin yau da kullum kariya ba. Wato idan gobara ta tashi a kasuwa, ba wanda ya mallaki wannan aukuwa, kowa yana iya faɗa da bakinsa. Abin da doka ta kare shi ne tsarin jimloli da salon wanda ya rubuta. Haka kuma yarjejeniyar ta yarda a ɗauko daga jaridu, muddin ba a wuce bukata ba, kuma an ambaci inda aka samo.

3.3.2 Ma'aunai Huɗu

Sashe na 107 na dokar 1976 ya halasta amfani da aikin wani ba tare da izini ba domin sharhi ko suka ko ba da labari ko koyarwa ko bincike. Sai dai dokar ba ta ƙayyade adadin kalmomi ba. A maimakon haka ta ba alƙalai ma'aunai huɗu kamar haka:

(a) manufar amfanin, ko ta kasuwanci ce ko ta ilimi;
(b) yanayin aikin da aka ɗauko daga cikinsa;
(c) yawan abin da aka ɗauko da muhimmancinsa;
(d) illar da ɗaukowar za ta yi wa kasuwar aikin.

3.3.3 Misalai Daga Kotu

A 1979 mujallar The Nation ta buga kimanin kalmomi 300 daga littafin tarihin rayuwar tsohon shugaba Gerald Ford tun kafin littafin ya fito. Ganin haka sai mujallar Time, wadda ta yi cinikin fara buga yankin littafin a kan dala 25,000, ta fasa biyan ragowar dala 12,500. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa an ci haƙƙin mawallafa, domin duk da ƙanƙantar abin da aka ɗauko, shi ne zuciyar littafin, wato bayanin afuwar da Ford ya yi wa Nixon.

Misali na biyu shi ne ƙarar da kamfanin dillancin labarai na AP ya kai kamfanin Meltwater, wanda yake tattaro kanun labarai da jimlolinsu na farko ya sayar wa abokan cinikinsa. A 2013 kotun tarayya ta ba AP gaskiya. Dalili kuwa shi ne Meltwater bai ƙara sharhi ko nazari ba, kuma wanda ya karanta abin da ya tsakuro ba ya bukatar komawa ga ainihin labarin. Ke nan ya ci kasuwar mai labari da kayan mai labari.

3.3.4 Farashi Ba Doka Ba Ne

A 2008 an yi ta cece-kuce a kan wani jadawalin farashi na ɗauko labaran AP, wanda ya fara daga dala 12.50 a kan kalmomi 5 zuwa 25. Masu suka sun yi nuni da cewa irin wannan jadawali yana sa mutane su zaci duk ɗaukowa sai da biya. Idan aka yi la'akari da sashe na 107, za a ga cewa jadawalin tayin ciniki ne kawai. Wanda ya ɗauko jimla ɗaya don ya nuna kuskuren jarida ba ya bukatar lasisi, domin da sai da izini ake suka, da jarida ta samu hanyar rufe bakin masu sukarta. A ɗaya ɓangaren kuma, aika wakilai neman labari yana cin kuɗi, kuma idan kowa zai kwashe ya sayar kyauta, babu mai ɗaukar nauyin nemowa.

3.3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa kalmomi kaɗan suna iya zama cin haƙƙi idan sun maye gurbin ainihin aikin, kuma masu yawa suna iya halasta idan sharhi ne ya bukace su. Saboda haka tambayar da kotu take yi ita ce: don me aka ɗauko, kuma me mai labari ya rasa? Sashe na gaba zai duba yadda dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tunkari wannan batu.