KUMBURIN CIKI DA MURƊEWAR TUMBI A KARNUKA

Mafarauta da makiyaya na Dandin Mahe da sauran ƙasar Shagari da Boɗinga sun san kumburin cikin shanu, sun kuwa san man gyaɗa yakan yi maganinsa. Amma kumburin cikin kare wani abu ne dabam. Dabarar da ke ceton saniya ba ta ceton kare.

Yadda ciwon ke samuwa

Tumbin kare mai lafiya yana matsa abinci kamar sau 5 a minti ɗaya, yana tura shi cikin hanji kaɗan kaɗan. Iskar da ya haɗiya kuwa takan fita ta gyatsa. In wannan motsi ya yi sanyi, sai abinci da ruwa da iska su taru, tumbi ya kumbura, wani lokaci har ya juya ya murɗe. Daga nan ƙofarsa ta sama da ta ƙasa duka sun toshe. Ba amai, ba gyatsa. Sau da yawa saifa takan bi shi. Kumburin kuma ya danne babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya, kare ya mutu cikin 'yan sa'o'i.

Ciwon ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji, irin Alsatian da ake ajiyewa don gadi. A shekarar 2000 masana na Jami'ar Purdue ta Amurka sun nuna cewa tsufa, da gado, da cin abinci da gaggawa suna ƙara haɗarinsa.

Alamu

Kare ya kasa zama wuri ɗaya, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa. Yawu yana zuba, dasashi ya yi fari. In an ƙwanƙwasa cikinsa sai ya yi ƙara kamar ganga.

Abin da ya kamata a yi

Kada a ɗura masa mai ko jiƙo, gama hanya a toshe take. Kada a bar shi ya kwana. A gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi, ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likita zai fitar da iskar, ya warware tumbin ta hanyar tiyata, ya ɗinke shi da bangon ciki don kada ya sake juyawa.

Rigakafi

A raba abincin kare kashi 2 ko 3 a yini. In ya dawo daga farauta yana haki, a bar shi ya huta tukuna, sa'an nan a ba shi ruwa kaɗan kaɗan. Kada a fita daji da shi nan take bayan ya ƙoshi.