Kalmar "Rainbow": Daga Hadari Zuwa Fagen Siyasa

Abin da Bahaushe ke kira bakan gizo, shi Baturen Ingila ke ce wa "rainbow". Kalmomi biyu aka haɗa: "rain", wato ruwan sama, da "bow", wato baka irin na maharba. A tsohon Turancin da ake yi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, "regnboga" ake cewa, kuma "boga" na nufin duk abin da ya lanƙwashe. Har gobe Jamusawa "Regenbogen" suke cewa, don tsatson harshensu ɗaya ne da Turanci.

Ba su kaɗai suka hango baka a sararin sama ba. Faransawa na ce masa bakan da ke sama, Larabawa kuma "ƙausu ƙuzah". Mu Gizo muka mallaka wa bakan, wasu kuma su ce masharuwa, bisa zaton shi ke shanye hadari. Ba ya shan komai. Hasken rana ne ke ratsa ɗigon ruwa ya rarrabu launi-launi, shi ya sa sai rana na bayanka kake ganinsa. Launuka 7 da ake haddace wa yara a makaranta kuwa lissafin Isaac Newton ne. Da farko 5 ya ƙirga, daga baya ya ƙara 2.

Ga wurin da ɗalibai ke tuntuɓe: "bow" ɗin nan "bo" ake furta shi. In ka ce "bau", ka koma wata kalmar daban mai nufin rusunawa.

Inda kalmar ta fi yin nisan kiwo shi ne siyasa, domin ta zama laƙabin jama'a iri-iri da suka haɗu a inuwa ɗaya. Jesse Jackson ya kira gamayyar magoya bayansa "Rainbow Coalition" sa'ad da ya nemi takarar shugabancin Amurka a 1984. Desmond Tutu ya raɗa wa Afirka ta Kudu suna "rainbow nation" da mulkin wariyar launin fata ya kau, Nelson Mandela kuma ya maimaita a jawabin rantsar da shi a 1994. Ko ƙasar ta cika sunan, wannan muhawara ce da 'yan ƙasar ba su gama ba. Akwai kuma tuta mai launukan bakan gizo da Gilbert Baker ya tsara a San Francisco a 1978, wadda ta zama alamar masu fafutukar 'yan luwaɗi da maɗigo. A jaridun Turai da Amurka na yau, sau da yawa nan kalmar ke nufa.

Har gatse ake yi da ita. In Bature ya ce kana "chasing rainbows", ba yabonka yake ba, cewa yake kana bin abin da ba zai kamu ba.

Don haka mai karatu, musamman mai fassara labarai, in ka ci karo da kalmar nan kada ka yi saurin rubuta bakan gizo. Duba wa ke magana, kuma a kan me.