Ƙululun Saiwar Wake Da Gyaɗa

Jama'ar kasuwa, duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga 'yan ƙululai a jikin saiwa. Da yawa suna zaton cuta ce. A'a, gidan wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masana na ce musu rizobiyam. Su ke jawo wa shuka abinci daga iska, irin wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Ka fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne suna aiki. Shi ya sa geron da ya bi gyaɗa a gona yakan fi kyau. Akwai 'yan uwansu kuma da ke kewaye saiwa, suna hana cutar ruɓa samun wuri.

Yanzu har a ƙunshi ana sayar da su, kamar Nodumax na IITA ta Ibadan, a cuɗa da irin waken soya kafin shuka. To, mai sarowa ya sani kaya ne mai rai, ba gishiri ba ne. In ya kwana biyu a rana ko a rumfar kwano mai zafi, sun mutu, baƙin gari kawai ka sayar wa manomi. A duba kwanan watan da ke jiki kafin a biya.