Kwamfuta ta kunnu amma allo bai nuna kome ba: bayani a kan ram

Gabatarwa

Tcholliré ƙaramin gari ne a Lardin Arewa na ƙasar Kamaru. Shi ne hedkwatar gundumar Mayo-Rey, inda masarautar Rai Buba take. Babban birnin lardin kuwa shi ne Garwa, a bakin kogin Binuwai. Daga Tcholliré zuwa Garwa tafiya ce ta sa'o'i a mota. Saboda haka idan kayan aikin mutum ya lalace, ba ya cewa bari in leƙa kasuwa in dawo. Sai ya yi lissafin kuɗin mota, da na kwana, da ranakun da zai rufe shago.

Bari mu ɗauki misalin mai shagon buga takardu a wannan gari. Da kwamfutar tebur guda ɗaya yake buga wa mutane takardun neman aiki da na makaranta. Ya ga ta yi nauyi, sai ya ba direba saƙo ya sayo masa ƙarin ram daga Garwa. Ya buɗe akwati ya sa. Da ya kunna, fanka ta juya, fitila ta kama, amma allon kallo ya yi baƙi ƙirin. Me ya faru? Kwamfutar ta mutu ke nan? Takardun mutane sun tafi?

A wannan takarda za mu yi bayanin abin da yake kawo haka, da yadda ake bin sawun matsalar mataki mataki kafin a ɗauki akwati a nufi birni.

Sunayen sassa

Da farko sai mu san sunaye. A cikin akwatin kwamfuta akwai wani faffaɗan allo wanda duk sauran sassa suke manne da shi. Za mu kira shi uwar allo. A kansa furosesa take, wato sashen da yake yin lissafi. Kusa da ita akwai dogayen gurabe guda biyu ko huɗu. A cikinsu ake sa sandunan ram. Masu gyara a Garwa sun fi amfani da kalmomin Faransanci, domin da shi aka yi yawancin karatun boko a can. Sukan ce carte mère idan suna nufin uwar allo, sandar ram kuma su ce barrette. Wanda zai aika saƙo kasuwar Garwa yana bukatar waɗannan kalmomi biyu.

Mene ne aikin ram? A kwatanta da mace mai shirin tuwo. Hatsi yana cikin rumbu, amma ba a cikin rumbu take aiki ba. Sai ta ɗebo a ƙwarya, ta surfa, ta sheƙe. Rumbu shi ne faifan ajiya, inda takardu da hotuna suke kwance ko da wuta ko babu. Ƙwarya ita ce ram, inda ake zuba abin da ake aiki da shi yanzu. Da an kashe kwamfuta, ƙwaryar ta koma wayam. Idan ƙwarya ƙarama ce, aiki zai yi ta jan ƙafa. Idan babu ƙwarya gaba ɗaya, ba za a ma fara aikin ba.

Wannan kwatance ya amsa tambayar da ta fi tayar wa mai shago hankali. Matsalar ram ba ta goge abin da yake cikin faifan ajiya. Takardun mutane suna nan. Don haka kada ya yarda wani ya ce masa sai an goge kome an sake zuba Windows. Kwamfutar da ba ta nuna ko harafi ɗaya a allo ba, ba ta ma kai ga Windows ba tukuna.

Abin da yake faruwa idan an kunna

Da an danna makunni, wani ɗan shiri da yake cikin uwar allo, mai suna BIOS, shi ne yake fara tashi. A sababbin kwamfutoci ana kiransa UEFI. Aikinsa na farko shi ne ya duba sassa ɗaya bayan ɗaya: furosesa, da ram, da sashen hoto. A jikin kowace sandar ram akwai wata 'yar ƙwaya da ake kira SPD. A cikinta aka rubuta girman sandar, da saurinta, da ƙarfin wutar da take bukata. BIOS yana karanta wannan bayani, sa'an nan ya gwada aiki da shi. In ya kasa, sai ya tsaya cik. Ba zai iya rubuta dalili a allo ba, domin bai kai ga sashen hoto ba.

Maimakon rubutu, sai ya yi magana da ƙara ko da fitila. Ma'anar ƙarar ta danganta da kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Alal misali, a tsofaffin kwamfutocin ofis na HP, ƙara biyar tare da ƙiftawar jar fitila sau biyar alama ce ta matsalar ram. Sababbin uwayen allo da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu da aka rubuta wa CPU, DRAM, VGA da BOOT. Idan ta DRAM ta tsaya a kunne, to a wajen ram aka maƙale. Ke nan kafin a taɓa kome, a saurara, a kuma ƙirga.

Kama da wane ba ta wane

Ram iri-iri ce. Wata ƙungiyar kamfanoni mai suna JEDEC ce take tsara ƙa'idojinta. DDR ta farko ta shigo kasuwa wajen shekarar 2000, tana da haƙora 184, tana aiki da bolt 2.5. DDR2 ta biyo baya a 2003 da haƙora 240 da bolt 1.8. DDR3 ta fito a 2007, ita ma haƙora 240, amma bolt 1.5. DDR4 ta zo a 2014 da haƙora 288 da bolt 1.2. An fitar da ƙa'idar DDR5 a 2020, haƙoranta 288, wutarta bolt 1.1.

Mai karatu zai lura cewa DDR2 da DDR3 yawan haƙoransu ɗaya ne, haka ma DDR4 da DDR5. Tsawonsu ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta su a ido shi ne giɓi. A tsakanin haƙoran kowace sanda akwai giɓi guda, a cikin gurbin kuma akwai ɗan tudu da zai shiga giɓin. Kowane iri da inda aka yi masa nasa giɓin. An yi haka da gangan, don kada a sa sanda a gurbin da ba nata ba. Idan sanda ta ƙi zama, a juya ta a sake gwadawa. In har yanzu giɓi bai dace da tudu ba, to ba irinta ba ce. Kada a danna da ƙarfi, domin gurbin yana iya karyewa.

To amma shiga gurbi ba shi ne dacewa ba, kuma a nan mutane da yawa suke yin asara. Akwai aƙalla hanyoyi uku da sanda za ta zauna daram, kwamfuta kuma ta ƙi tashi.

Na ɗaya, sandar manyan kwamfutocin kamfanoni ce, waɗanda ake kira saba. Yawancin kwamfutocin da ake sayarwa a arewacin Kamaru na hannu ne. Suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su hau zuwa Ngaundere, daga nan su iso Garwa. Wasu kuma ta Nijeriya suke shigowa. A cikin irin wannan kaya akan gauraya sandunan saba da na kwamfutar tebur. Ana gane su ta rubutun da yake jikin takardar da aka manna. Idan an ga PC3-10600U, harafin U yana nufin ta kwamfutar tebur ce. Idan an ga PC3-10600R, harafin R yana nufin ta saba ce, kuma uwar allo ta gida ba ta aiki da ita.

Na biyu, ƙwayoyin sandar sun fi ƙarfin uwar allon. A jikin sanda akwai baƙaƙen ƙwayoyi a jere. Sanda mai gigabait 4 tana iya zuwa da ƙwayoyi 16, takwas a kowane gefe, ko kuma da 8 kacal a gefe ɗaya. Tsofaffin uwayen allo, irin masu Intel G41 na wajen 2008, sun san mai 16, amma ba su san mai 8 ba, domin kowace ƙwaya tata ta fi girman da aka tsara musu. Girman ɗaya ne a rubuce, amma ɗaya tana aiki, ɗaya ba ta yi.

Na uku, an wuce iyaka. Kowace uwar allo tana da iyakar abin da gurbi ɗaya yake ɗauka, da iyakar jimla. Ana samun wannan a littafin kwamfutar ko a shafin kamfanin a intanet, idan an nemi lambar samfurin.

Bambancin sauri kuwa ba kasafai yake hana tashi ba. Idan an haɗa PC3-10600 da PC3-12800, yawanci dukansu sai su yi tafiya da saurin ta ƙasa.

Ƙura da zafi da wuta

Ba kullum ne laifin yake ga sabuwar sanda ba. Wani lokaci ba a sayi kome ba, kwamfuta ta kwana lafiya, da safe ta ƙi tashi. A nan sai a tuna da yanayin wurin. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi, fanka kuma tana zuƙo ta cikin akwati. A Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai yakan haura digiri 40. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi. A hankali sanda takan ɗan ɗaga daga gurbinta, ƙura ta shiga tsakanin haƙora. Girgizar mota a hanyar da ba kwalta ma tana yin haka.

Sai kuma wuta. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a 1982, ta daɗe tana ba arewacin Kamaru lantarki, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ƙarfinta yakan ragu. Masu shaguna da yawa suna haɗawa da janareta ko sola. Wutar da take hawa da sauka tana gajiyar da akwatin wutar kwamfuta, tana kuma iya rikita saitin BIOS. Alamomin suna kama da na matsalar ram, shi ya sa ake bukatar bi a hankali.

Matakan bincike

Ƙa'idar ita ce a canja abu ɗaya tak, a gwada, sa'an nan a wuce gaba. Wanda ya canja abu uku a lokaci guda, ko kwamfuta ta tashi bai san abin da ya gyara ba.

1. A duba wayar allon kallo, a tabbata ta zauna sosai. Idan akwai katin hoto dabam, a jikinsa ake sa wayar.

2. A kashe, a zare waya daga bango, a danna makunni na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wuta ta fita. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa sanda. Da hunturu jiki yana tara irin wutar nan da takan yi tsartsatsi a jikin bargo, kuma tana lalata ƙwayoyi. A riƙe sanda ta gefe, ban da haƙora.

3. A cire sabuwar sanda, a bar tsohuwar a inda take. Idan kwamfuta ta tashi, an san mai laifi.

4. Idan ba ta tashi ba, a cire tsohuwar ma. A hure gurbin da famfon iska, a goge haƙoran a hankali da magogin fensir mai tsabta, a kakkaɓe. A mayar da ita, a danna gefe biyu har 'yan kunnuwan gurbin su kama.

5. A gwada sanda ɗaya a gurbi ɗaya. In ta ƙi, a koma gurbi na gaba. Ta haka ake gane ko sanda ce ta lalace ko gurbi. A uwar allo mai gurabe huɗu, sanduna biyu yawanci a gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su.

6. A cire duk sanduna a kunna. Idan akwatin yana da 'yar lasifika kuma ya yi ƙara, alama ce mai kyau: uwar allo da furosesa suna da rai, ram suke nema.

7. A kashe a zare waya, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, a jira minti biyar, a mayar. Wannan yana mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani. Bayan haka sai an gyara kwanan wata da agogo.

Mai sabuwar kwamfuta ta DDR5 ya yi haƙuri a kunnawar farko. Takan ɗauki mintoci allo yana baƙi, tana auna sandar. Wanda ya yi gaggawar kashewa zai zaci ta lalace.

Idan kwamfuta ta tashi amma tana mutuwa a tsakiyar aiki, ko tana nuna shuɗin allo, akwai shiri na kyauta mai suna Memtest86+ da ake sawa a filasha. A bar shi ya yi sa'o'i yana gwaji. Kuskure ko guda ɗaya ne ya nuna akwai matsala, sai a gwada sandunan ɗaya ɗaya.

Kammalawa

Idan an bi waɗannan matakai duka ba a ji ƙara ba, ba a ga haske ba, to zargi ya koma kan akwatin wuta ko uwar allo. A nan ne tafiya Garwa ta zama dole. Mai shago zai iya gaya wa mai gyara abin da ya riga ya gwada, ya kuma gargaɗe shi kada ya taɓa faifan ajiya.

Amma da mai shagon nan ya san wannan tun farko, da saƙon da ya ba direba ya bambanta. Ba zai ce a sayo masa ram mai gigabait 4 kawai ba. Zai ɗauki hoton takardar da take jikin tsohuwar sandarsa, da hoton lambar samfurin kwamfutar, ya tura wa mai kanti ta WhatsApp. Zai tambayi harafin da yake bayan lamba, U ne ko R, da yawan ƙwayoyin da suke jikin sandar. Sa'an nan ya yi sharaɗi da mai kanti cewa in ba ta yi ba, za a dawo da ita a canja.