Ƙararrawar Sha Biyun Rana

A bakin ƙananan garuruwan Amurka, musamman a jihohin tsakiya irin su Ayowa da Kansas, matafiyi kan tarar da allo mai ɗauke da tambura jere: na Rotary mai kama da gargare mai haƙora, na Lions mai kawunan zaki biyu, da na Kiwanis. Ƙarƙashin kowanne an rubuta ranar taro da wurin da ake yi, domin duk ɗan ƙungiyar da hanya ta biyo da shi ya san inda zai ci abincin rana cikin 'yan uwa.

Wani lauya, Paul Harris, da abokansa uku ne suka kafa Rotary a Cikago ranar 23 ga Fabrairu, 1905, kuma tsarin zaman mako bai sauya sosai ba tun zamanin kakanni. Da sha biyun rana ake haɗuwa a ɗakin baya na wani gidan abinci ko zauren coci. Kowa ya ɗauki bajensa, sunansa na yanka da manyan haruffa, sana'arsa a ƙasa. Manajan banki da mai sayar da taya da sunan yanka suke kiran juna, babu ranka ya daɗe. Shugaba ya bugi ƙararrawa da 'yar guduma, a miƙe a yi mubaya'a ga tuta, a yi addu'a, a wasu rassan har da waƙa. Da yawa kuma sukan karanta tambayoyi huɗu da Herbert Taylor ya tsara a 1932 lokacin da yake fafutukar ceto wani kamfanin tukwane daga durƙushewa, waɗanda ke neman mutum ya auna maganarsa da gaskiya, da adalci, da zumunci, da amfanin kowa.

Daga nan sai dogarin taro ya tashi da kwandonsa, kuma a nan armashin yake. Wanda ya makara, tara. Wanda ya manta da ɗan tambarin da ake maƙalawa a ƙirji, tara. Wanda wayarsa ta yi ƙara, ko hotonsa ya fito a jaridar gari, shi ma dala ɗaya, ana ta shewa. Sai kuma masu bayarwa don farin ciki: mutum ya miƙe ya jefa dala ya ce jikarsa ta gama jami'a, wani ya ce matarsa ta fito daga asibiti, wata ta ce an yi ruwa a gonarsu bayan fari. Kuɗin da ke taruwa bai taka kara ya karya ba. Amma kafin kwandon ya gama zagayawa, kowa ya san wanda ke kwance, da wanda aka yi wa rasuwa, da kujerar da ta yi mako biyu ba kowa a kanta, kuma kafin yamma wani ya buga waya ya ji ko lafiya. A ganina wannan ya fi duk wani cekin da ake ɗaukar hoto da shi amfani ga gari. Majalisar ƙofar gida ce, sai dai mai rajista da agogo.

Bayan abinci baƙo mai jawabi ya samu kamar minti ashirin: shugaban 'yan kwana-kwana, ko likita, ko mai kula da makarantun gunduma da ke neman a goyi bayan gina sabon aji. Ƙarfe ɗaya daidai a sake buga ƙararrawa, kowa ya koma bakin aikinsa. A da, wanda ya rasa zama dole ya rama a wani reshe, inda akan yi musayar 'yan tutoci. A 2016 aka sassauta wa rassa ƙa'idojin taro.

Aikin hannu kuwa sai Asabar. A soya fanke a sayar da sassafe, a tsinci shara a gefen babbar hanya, a raba ƙamus ga 'yan firamare, a ba ɗaliban sakandare tallafin karatu. Ba sa raina ƙaramin aiki. Abin da reshen Cikago ya fara yi wa jama'a a 1907 shi ne fafutukar gina makewayi. 'Yan Lions su kuma tsofaffin tabarau suke tarawa, gadon kiran da Helen Keller ta yi musu a 1925 na su tsaya wa makafi.

Kada a ɗauka babu abin faɗa. Shekaru da dama zaman na masu hannu da shuni ne, maza zalla, har Sinclair Lewis ya yi wa irinsu ba'a a littafinsa Babbitt a 1922. Sai da reshen Rotary na Duarte a Kalifoniya ya karɓi mata, aka kore shi, shari'a ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1987, sannan ƙofa ta buɗe. Har yau lebura mai aikin awa ba shi da sukunin barin aiki da tsakar rana, balle kuɗin ƙa'ida. Furfura ta yi yawa a teburan, shi ya sa wasu rassan suka koma zaman karin kumallo ko na yamma don jawo matasa.

Mu ma abin ya taɓa mu. A Kano aka kafa reshen Rotary na farko a Nijeriya a 1961, kuma lauyan nan na Kano, Jonathan Majiyagbe, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya. Ya hau a 2003, shekarar da jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, cutar da Rotary ta sa a gaba tun 1985. An dawo da ɗigon rigakafin a 2004, an ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana cewa yankin Afirka ya rabu da ita.