Jigilar alhazai: Ina ake gyaran manyan jiragen da ke ɗaukar maniyyatanmu?

Duk shekara idan aikin Hajji ya gabato, hankalin maniyyata kan karkata ne ga kuɗin kujera, biza da masauki. Ƙalilan ne ke tambayar inda aka duba lafiyar jirgin da zai ɗauke su daga Abuja, Kano ko Sakkwato zuwa Jidda da Madina, alhali a kan wannan aiki rayukan ɗaruruwan mutane suka rataya a kowane sawu.

Shekaru da dama jirgin Boeing 747, mai doro a gaba da injuna huɗu, shi ne ƙashin bayan jigilar alhazan Arewa. Kamfanin Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya yi amfani da shi, haka ma Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal. Dalili kuwa a fili yake: jirgin kan kwashe fasinja fiye da 400 a tashi guda.

Sai dai zamanin wannan jirgi ya fara juya baya. Ya soma ɗaukar fasinja a 1970, kuma a watan Janairun 2023 kamfanin Boeing ya miƙa na ƙarshe, bayan ya ƙera 1,574. Takwaransa mai hawa biyu, Airbus A380, an daina ƙera shi tun 2021. Idan aka daina ƙera jirgi, samun kayan gyaransa kan ƙara wuya sannu a hankali, har a koma dogaro da sassan da ake cirowa daga tsofaffin jiragen da aka yi wa ritaya.

Yadda ake duba lafiyar jirgi

Ba a jiran jirgin sama ya lalace kafin a kai shi gyara. Akwai dubawar da ake yi kafin kowane tashi, da wadda ake yi bayan wasu ɗaruruwan sa'o'i na shawagi. Sai babbar dubawa da ake kira C, wadda kan zo duk bayan wata 18 zuwa 24, ta kuma ɗauki makonni. Mafi girma ita ce D, duk bayan shekara shida zuwa goma, inda ake kwance kujeru, dabe da sassa masu yawa domin neman tsatsa ko tsagewa a jikin ƙarfe. Kuɗinta kan kai miliyoyin daloli.

Wasu daga cikin waɗannan wa'adodi da kalanda ake ƙirga su. Ke nan jirgin da ya gama jigilar Hajji ya koma ya zauna watanni a filin jirgi yana ci gaba da cin kuɗi, ko da bai kawo ko sisi ba.

Inji shi ne mafi tsada. Jirgin 747-400 yana amfani da injunan General Electric, Pratt & Whitney ko Rolls-Royce, kuma wasu sassan cikinsu suna da adadin tashi da sauka da aka ƙayyade musu; da ya cika, dole a sauya su ko da suna sheƙi. Ƙurar hunturu da yashin ƙasar Saudiyya kuwa suna cin fukafukan cikin inji, suna rage masa kwana.

Darasin Jidda

Ranar 11 ga Yulin 1991, wani jirgi samfurin DC-8 da Nigeria Airways ya ɗauko haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ɗauke da alhazai. Jim kaɗan ya kama da wuta, ya faɗi yana ƙoƙarin komawa, mutum 261 da ke ciki duka suka rasu. Bincike ya gano cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an sallami jirgin a haka don gudun jinkiri. Tayoyin sun fashe a kan titin tashi, wutar ta faro daga nan.

Hatta kayan gyaran ma sai an bi asalinsu. A 2023 an bankaɗo wani kamfani a Landan, AOG Technics, da ya sayar da sassan inji da takardun bogi, lamarin da ya tilasta wa kamfanoni a ƙasashe da dama sauke jirage domin bincike.

Inda gizo ke saƙar

A Najeriya, kamfanin Aero Contractors da ke Legas yana yin dubawar C ga matsakaitan jirage irin su Boeing 737 tun 2018. Amma jirgin da faɗin fukafukansa ya haura mita 64, tsayin wutsiyarsa ya kai mita 19, yana buƙatar rumfa, kayan aiki da lasisi na daban. Shi ya sa aka daɗe ana tura irin waɗannan jirage Turai, Gabas ta Tsakiya, Asiya ko Habasha, inda Ethiopian Airlines ke da babbar cibiyar gyara a Addis Ababa.

Duk wannan da dala ake biya, alhali mafi yawan kuɗin shigar kamfanoninmu naira ne. Daga kusan naira 460 a kan dala a tsakiyar 2023, farashin ya haura 1,500 a farkon 2024. Wannan nauyi daga ƙarshe a kan kuɗin kujerar maniyyaci yake sauka.

Ƙasar ba ta rasa tubalin ginin ba. Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana yaye injiniyoyi, sai dai da yawansu kan nemi aiki a ƙetare. Abin da ya rage shi ne cibiyar gyaran manyan jirage da za ta samu amincewar hukumar NCAA da takwarorinta na duniya, tare da rumbun kayan gyara a kusa.

Kafin a kai ga haka, idan aka sanar da maniyyata a sansanin alhazai cewa jirginsu zai yi jinkiri saboda injiniya ya ƙi sa hannu, ya kamata su tuna da Jidda. Hausawa na cewa gaggawa aikin Shaiɗan.