Dole Ne Waya Da Kwamfuta Su Zama Na Kamfani Ɗaya?

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta kai har ƙauyuka irin su Sunke a ƙasar Anka. Yanzu kuma ɗalibai, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti a Anka, Gummi da Bukkuyum suna tara kuɗi don su sayi kwamfuta. Tambayar da mutane da yawa ke yi ita ce, in wayata Samsung ce ko Tecno, sai na nemi kwamfutar kamfaninta kafin su yi aiki tare? 'Yan'uwa, kuɗin kwamfuta ba na wasa ba ne, don haka ya kamata mu duba maganar da kyau.

Ga mai iPhone, akwai gaskiya a ciki. Kamfanin Apple na Amurka shi ke ƙera wayar da kwamfutar Mac, shi ne kuma ke rubuta manhajar da ke tafiyar da su duka biyu. Tun 2014 mutum yana iya fara wasiƙa a waya ya ƙarasa ta a Mac, ya amsa kira ta kwamfuta, ya tura hotuna ta AirDrop ba tare da igiya ba. A 2024 suka ƙara da cewa fuskar wayar kanta za ta bayyana a kwamfuta. In aka haɗa iPhone da kwamfutar Windows kuwa, hotuna za su wuce ta igiya, amma yawancin waɗannan sauƙaƙe-sauƙaƙen ba za a same su ba.

Sai dai wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu ba iPhone ba ne. Tecno, Infinix da Itel, duka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Su da Samsung suna aiki da Android na kamfanin Google. Kwamfutocin da waɗannan kamfanoni ke sayarwa, irin su Megabook ta Tecno da Galaxy Book ta Samsung, da Windows na Microsoft suke aiki, daidai da HP, Dell ko Lenovo na hannu da ake samu a Gusau ko a titin Beirut a Kano. Ma'ana, suna ɗaya ne a jikin kwali, amma abin da ke ciki na wasu kamfanoni biyu ne dabam. Abin da ke haɗa su shi ne manhajar da Microsoft ta fitar a 2018, wadda tun 2022 ake kira Phone Link, da kuma Quick Share na Google da Samsung. Dukansu kyauta ne, kuma ba sa tambayar sunan kwamfutarka. Samsung na ajiye 'yan ƙarin abubuwa ga kwamfutocinta, amma ba su kai a ƙara dubban nairori a kansu ba.

Akwai darasi kuma daga nan gida. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Duk wata dabara da ta dogara da intanet ta tsaya cik. Igiyar USB, katin memori da Bluetooth ne suka ci gaba da aiki, domin ba ruwansu da sabis ko data. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wuta kuma sai an kai caji shago, igiya mai kyau ta fi sunan kamfani amfani.

Don haka kafin ka biya, ka je da wayarka da igiyarka, ka gwada a gaban mai shago. Wasu igiyoyin caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar fayil. Ka duba ƙarfin batir, ka tambaya ko akwai mai gyara da kayan gyaranta a kusa. Ka kuma sani cewa Mac ba ta karanta wayar Android ta igiya sai an saka mata wata manhaja.

Mai iPhone da ke da hali, Mac za ta yi masa daɗin aiki. Mai Tecno, Itel ko Samsung kuwa, kowace kwamfutar Windows mai lafiya ta ishe shi. Hausawa sun ce, daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ya rage a aljihu, a sa shi a kuɗin makarantar yara ko ƙaramar sola ta caji.